SAREWA BA TA ƊAUKAR ALƘAWARI

Mai karatu, bari in fara da wata tambaya wadda na san kana da amsarta tun kafin in rufe baki. Waƙoƙin finafinan Indiya guda nawa ka haddace muryarsu ba tare da ka san ma'anar ko kalma biyar a cikinsu ba? Shekara da shekaru jama'armu sun yi ta cika gidajen silima a Kano da Kaduna da Jos, yarinya tana rera waƙa a kan majigi da harshen da babu mai ji, amma ka waiga ka ga ƙato da gemunsa yana share ido. Waɗanda suka kalli fim ɗin Hero na 1983 ba za su manta da busar sarewar nan da Jackie Shroff ke yi ba, wadda a gaskiya Hariprasad Chaurasia ne ya busa ta. Babu kalma ko ɗaya a cikinta, amma ba wanda ya taɓa tambayar na kusa da shi me ake nufi.

To abin da nake so mu tattauna a wannan wata shi ne: idan aka tsame kalmomi daga waƙar soyayya, abin da ya rage gaskiya ce tsantsa, ko kuwa wata yaudara ce da ta fi ta baki iya kutsawa cikin rai? Don neman amsa zan ɗauke ka mu tafi Turai ta tsakanin shekarar 1500 da 1670, zamanin da suke kira na farfaɗowar ilmi da fasaha da kuma farkon wanda ya biyo bayansa, wato Barok. Dalilina shi ne mutanen wancan lokaci sun yi wannan gwaji da gangan, sun kuma bar mana shi a rubuce.

Suna da wata sarewa ta itace da ake busawa ta baki a miƙe, ba a karkace irin ta Indiyawa ba. Tana da huda bakwai a gaba da guda ɗaya a baya ta babban yatsa, sannan a bakinta akwai ɗan toshin itace da ke matse iska ya kai ta kan wani kaifi inda sauti ke fita. Mutanen Italiya suna ce mata sarewa mai zaƙi. Turawan Ingila kuwa, ka ji abin dariya, rikoda suke kiran ta, ɗaruruwan shekaru kafin a ƙirƙiro rikodar kaset da muka sani. Ba guda ɗaya ba ce, dangi ne. A littafin da Bajamushe Michael Praetorius ya buga a 1619 an zana iri takwas, daga 'yar ƙarama da za ta shige aljihu zuwa wadda ta fi mutum tsawo. Mutum huɗu ko biyar sukan zauna kowa da tasa, su raba muryoyin waƙa a tsakaninsu kamar yadda mawaƙa ke yi.

Wannan sarewa tana da wani hali da ya kamata ka riƙe. Ba a yi mata tsawa. In ka ƙara ƙarfin numfashi don ta yi ƙara, sai muryarta ta haura ta kauce daga inda ya dace. In ka rage da yawa, sai ta faɗo. Duk abin da mai busa yake so ya faɗa, ko baƙin ciki ne ko ɗoki, dole ya faɗe shi da numfashi a aune. Algaita tana iya tara gari, ita wannan ta ɗaki ce da lambu. Shi ya sa masu zane suka mai da ita alamar masoya. A wani zane na Titian, mutumin birnin Benis, wanda ya yi wajen 1512 kan matakai uku na rayuwar ɗan Adam, budurwa ce zaune gaban saurayi tana riƙe da sarewa biyu, can nesa kuma ga tsoho yana duban ƙoƙon kan matattu.

Sai dai akwai wata matsala da duk abin busa yake da ita: yana rufe baki. Mai kaɗa molo ko garaya yana iya kiɗa yana waƙa. Mai busa kuwa numfashi ɗaya gare shi, ko ya ba magana ko ya ba itace. Tun zamanin Girkawa aka lura da haka. An ruwaito cewa Alsibiyadis, wani ɗan manyan birnin Atina, ya ƙi koyon abin busarsu mai kama da algaita, domin a cewarsa tana ɓata fuska tana kuma hana mutum magana. Har a 1528 Baldassare Castiglione, a littafinsa kan ladubban bafada, ya kafa hujja da wannan labari don ya nesanta 'ya'yan manya daga kayan busa.

Amsar masu busa ta zo a 1535, lokacin da Sylvestro Ganassi, makaɗin fadar shugaban Benis, ya buga Fontegara, littafi na farko da aka keɓe kacokan don koyar da wannan sarewa. Ra'ayinsa shi ne muryar ɗan Adam ita ce uwar duk kayan kiɗa, saboda haka aikin mai busa shi ne ya kwaikwaye ta da numfashi da harshe da yatsu, har mai sauraro ya ji kamar kalmomi yake ji. Ya koyar da yadda harshe zai riƙa taɓa ganɗa da gaɓoɓi masu kaushi ko masu taushi gwargwadon abin da waƙar ke ɗauke da shi. Shekara biyu kafin nan, a 1533, mai buga littattafai Pierre Attaingnant ya fitar da tarin waƙoƙin Faransanci a Paris, galibinsu na soyayya, ya sa wa yawancinsu alama don a san wadda ta dace da wannan sarewa da wadda ta dace da ta karkace. Ka ga ke nan an tuɓe wa waƙar soyayya rigarta ta kalmomi, an miƙa ta ga itace.

A nan ne wani tunani mai daɗi yake zuwa wa mutum, kuma na san da yawa daga cikin masu karanta littattafan soyayya za su so shi. Ai ƙarya a cikin magana take zaune. “Ba ni da kowa sai ke.” “Har abada.” “In ba ke ba rijiya.” Waɗannan duk baki ne ke faɗa, kuma duk wadda ta taɓa zama a zaure ko a soro tana sauraron saurayi ta san arahar su. Sarewa kuwa ba ta iya cewa har abada. Ba ta san gobe ba, ba ta san sadaki ba, ba ta san sunan kowa ba. Tunda ba ta ɗaukar alƙawari, ba ta saɓa shi. Ashe ke nan ita ce harshen so na gaskiya?

Kafin ka amsa, dubi abin da ya faru da wata waƙa guda. A 1547 aka buga Ancor che col partire ta Cipriano de Rore, waƙa mai muryoyi huɗu kan masoyin da rabuwa ke kusan kashe shi, amma yake son a riƙa rabuwar saboda daɗin dawowa. Manya sun san akwai wata ma'ana ta ɗaki a ƙarƙashin wannan, ba sai na buɗe ba. Waƙar ta yi farin jinin da masu busa da masu goge suka yi ta ɗaukar ta suna yi mata ado: inda Rore ya sa sauti ɗaya mai tsawo, sai su farfasa shi zuwa ƙanana takwas ko goma sha shida masu gudu. Girolamo Dalla Casa ya buga nasa adon a 1584, Giovanni Bassano a 1591, kuma har yau masu sarewa suna busa su. To a 1594 sai wani mawaƙin majami'a mai suna Giovanni Battista Bovicelli ya ɗauki wannan murya ɗin dai, ya cire maganar masoya, ya ɗora mata kalmomin addininsu kan mala'ika da makiyaya. Muryar ba ta yi gardama ba. Ta ɗauki na biyun kamar yadda ta ɗauki na farko.

Mu wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A Kano, a shekarun 1990, masu bandiri irin su Ushshaƙu Indiya sun ɗauki muryoyin waƙoƙin finafinan Indiya suka ɗora musu begen Manzon Allah (SAW), kuma an yi ta muhawara a kai. Abin da wannan ke nuna mana shi ne murya ƙwarya ce. Tana riƙe shauƙi, wannan gaskiya ne, amma ba ta gaya maka shauƙin wa, ko na me, ko zuwa yaushe. Rashin yin ƙaryarta ba don tsoron Allah ba ne, don ba ta ce komai ba ne da za a kama ta da shi.

Yanzu zo mu shiga fadar Ingila. Sarki Henri na takwas, wanda ya yi mulki daga 1509 zuwa 1547, ba sarkin da ake yi wa kiɗa kawai ba ne, shi kansa makaɗi ne. Yana busa sarewa, yana tsara waƙa, kuma akwai wani kundi da ya tsira har yau mai ɗauke da waƙoƙi da dama da sunansa a kai, wasunsu kan so da riƙon amana. Da ya mutu aka ƙidaya kayansa, an sami irin wannan sarewa guda 76, wasu na hauren giwa. A 1540 ya ɗauki 'yan'uwa biyar 'yan gidan Bassano daga Benis, ya ba su albashi don su zama masu busa masa ita a fada. Mutum ne mai kunne. Ba za ka ce bai san daɗin abin ba.

Haka kuma ya iya wasiƙa. Wasiƙun soyayya 17 da ya rubuta wa Anne Boleyn suna nan ajiye a ɗakin karatu na Batikan. Saboda ita ya rabu da matarsa ta fari bayan zaman sama da shekara 20, ya kuma ɓalle ƙasarsa daga ƙarƙashin Fafaroma. Shekara uku da auren, a ranar 19 ga Mayu 1536, aka fille mata kai da umarninsa, bisa tuhumar cin amana da mafi yawan masana tarihi ke ganin ƙage ce. Cikin mazan da aka kashe tare da ita har da wani makaɗin fada, Mark Smeaton. Kwana 11 bayan haka sarki ya ɗaura wani aure. Shekarar da 'yan Bassano suka samu aiki kuwa, a cikinta ya auri mace ta huɗu a Janairu, ya rabu da ita a Yuli, ya auri ta biyar, Catherine Howard, yarinya ƙarama, a wannan watan. Ita ma a Fabrairun 1542 aka fille mata kai. Duk tsawon wannan lokaci sarewa biyar suna tashi a fada da muryarsu mai taushi, suna busa waƙoƙin masoya masu kukan rabuwa.

Za ka iya cewa ai wannan azzalumin sarki ne, ba a misali da shi. Na yarda. To ga talaka, ko in ce ma'aikacin gwamnati irin wanda ka sani a unguwarku. Samuel Pepys jami'i ne a ofishin sojan ruwan Ingila, ya kuma riƙa rubuta abin da ya faru da shi kullum daga 1660 zuwa 1669, da wani gajeren rubutu da matarsa ba za ta iya karantawa ba. A ranar 27 ga Fabrairu 1668 ya je gidan wasan kwaikwayo a Landan. Wasan bai burge shi ba, amma a wurin da mala'ika ke saukowa aka yi wata busa da ta tafi da hankalinsa. Ya rubuta cewa sai da ya ji jikinsa ya mutu kamar mara lafiya, kuma abin da ya kwatanta wannan hali da shi shi ne yadda ya ji a dā lokacin da yake neman matarsa Elizabeth. Ya kwana yana tunanin busar. Ya yi niyyar ya koya, ya kuma sa matar ta koya. A ranar 8 ga Afrilu ya je ya sayi sarewa.

Allah sarki, in a fim ne a nan za a sa waƙa, a nuno su a lambu. Amma a ranar 25 ga Oktoba na wannan shekarar dai, Elizabeth ta shigo ɗaki ta same shi rungume da yarinyar da ke yi mata hidima a gida. Kuma ba ita ce ta farko ba, littafin nasa cike yake da irin wannan. Matar ta yi watanni cikin baƙin ciki da faɗa da rashin barci. Ta rasu a Nuwamban 1669 tana da shekara 29.

Ga inda maganar take da wuya, mai karatu. Shin Pepys ƙarya ya yi da ya ce busar ta tuna masa da son matarsa? Wa zai yi wa ƙarya, alhali kansa yake rubuta wa, da rubutun da ya ɓoye wa kowa? Ni na gaskata shi. Abin da ya ji a ranar nan gaskiya ne, ya kai har ƙashi. Ina ma zaton shi Henri, in ana busa masa waƙar rabuwa, zuciyarsa tana karyewa da gaske. Matsalar ita ce mutum yana jin wannan karyewar zuciya sai ya ɗauke ta a matsayin shaida a kan kansa: tunda ina jin haka, ashe ni mai so ne, ashe ni mai tausayi ne. Ya fito daga wurin kiɗa yana ganin kansa wankakke, alhali bai biya kowa komai ba. Hawayen da aka zubar a kan murya mai daɗi ba su da tsada. Ba a tashi da dare a kai su asibiti, ba sa tsufa, ba sa yi maka gardama kan kuɗin cefane. Sarewar ba ta yi ƙarya ba, shi ne ya kafa ta shaida kan abin da ba ta gani ba.

Kai ma ka auna. Sau nawa ka ga saurayin da in an sa waƙar fim mai kiɗan fiyano da 'yar busa a ƙarƙashi sai ya lumshe ido ya yi shiru, amma ƙanwarsa a gida ba ta isa ta yi masa magana ba? Ke kuma 'yar'uwa, sau nawa aka ce miki wane yana da taushin zuciya, hujjar kawai ita ce irin waƙoƙin da yake sauraro?

Akwai kuma wani abu da ke salwanta in an cire kalmomi, wanda ba a cika kula da shi ba. Ba alƙawarin ƙarya kaɗai ke tafiya ba, har “a'a” tana tafiya. Turawan wancan zamani sun tashi da tatsuniyoyin da Obid, mawaƙin Rum, ya tsara. A ɗaya daga ciki, wani abin bautarsu mai suna Pan ya bi wata budurwa, Sirinkis, tana gudu yana bin ta har bakin kogi, ta roƙi a cece ta, sai aka mai da ita kyauro. Da ya rungumo kyauron ya yi ajiyar zuciya, iska ta ratsa shi ta yi sauti mai daɗi, sai ya yanka ya yi abin busa da shi. Wato a tunaninsu asalin busar soyayya mace ce da ta ce ba ta so, aka yanka ta aka busa. Haka labarin Dafni, wadda ta guje wa Afolo har ta rikiɗe ta zama bishiya. An yi wata waƙa a Ingila kan wannan gudu, ta ƙetara zuwa Holan, ta zama ɗaya daga cikin muryoyin da masu sarewa suka fi ƙauna har gobe. Ka saurare ta a intanet: lallausa ce, mai sanyaya rai. Babu yadda za a yi kunnenka ya gaya maka cewa yarinya ce ke gudun ceton kanta. A waƙar da kalmominta, ko ba komai ana jin ta ƙi. A bakin sarewa ƙin nata ya zama ado. Duk lokacin da na ga an nuno jaruma tana kewaya bishiya jarumi na bin ta, kiɗa kuma ya riga ya gaya mana cewa gudun nata wasa ne, sai in tuna da Dafni.

To sai a fasa sarewar a huta? Ko kusa. Laifin ba na itace ba ne, kuma mutumin da ya fi kowa busa wannan Dafni ɗin shi ne zai nuna mana dalili. Jacob van Eyck makaho ne tun haihuwa. A 1625 ya samu aikin kaɗa jerin ƙararrawa na babbar hasumiyar birnin Utrecht a Holan, kuma kunnensa ya kai inda masu zuba ƙararrawa suke neman shawararsa kan yadda za a daidaita muryarta. Da yamma kuma yakan zauna a filin majami'ar Janskerk, wani wuri mai bishiyoyi da mutanen gari ke zuwa shan iska, ya fito da 'yar sarewarsa. A 1649 hukumar majami'ar ta ƙara masa albashi daga gilda 80 zuwa 100, da sharaɗin ya riƙa yi wa masu yawo a filin busa jefi-jefi da maraice. Abin da yake busawa an rubuta shi an buga a Amsterdam daga 1644, a tarin da ake kira Der Fluyten Lust-hof, wato lambun shaƙatawar sarewa. Ya ƙunshi muryoyi wajen 140, kuma har yau ba a san wani tari na mai busa shi kaɗai da ya kai shi girma ba a tarihin Turai.

Me ke ciki? Abin da gari ke rerawa. Akwai waƙar hawaye ta John Dowland na Ingila, wadda aka buga da kalmominta a 1600. Akwai Amarilli ta Giulio Caccini ta 1602, inda masoyi ke roƙon a yarda da shi. Akwai Dafni, akwai waƙoƙin mashaya, akwai na Zabura, duk a jere. Tsarinsa kusan ɗaya ne kullum: ya fara busa muryar a sarari yadda kowa ya san ta, sannan ya sake ta yana farfasa sautukan, sannan ya sake da gudun da ya fi na baya, har yatsu su zama kamar ruwan sama a kan kwano. Amma in ka kasa kunne, asalin muryar tana nan a ƙarƙashi, bai taɓa sakin ta ba.

Abin lura shi ne masu yawo a wannan fili sun san waƙoƙin. A Holan ta lokacin ana buga ƙananan littattafan waƙa da matasa ke sawa a aljihu, inda murya ɗaya za a ɗora mata baitoci iri-iri, wani na soyayya, wani na wa'azi, wani na zambo. Saboda haka in makahon nan ya busa murya guda, bazawara tana jin mijinta da ya rasu, dattijo yana jin Zabura, saurayin da ya zo da niyyar aure yana jin abin da zai je ya faɗa wa iyayen yarinya, wanda ya zo da niyyar ɓata ta shi ma yana jin abin da zai taimake shi. Kowa da kalmomin da ya shigo da su a cikinsa. Shi Van Eyck ba ya ganin ko ɗaya daga cikinsu, bai san wa ke riƙe da hannun wa ba, bai san wa zai cika ba, wa zai saɓa. Ya ci gaba da zama a Utrecht yana kaɗa ƙararrawa da rana yana busa da maraice, har ya rasu a watan Maris na 1657.